Wushiryar Kafin Tsamiya

Utaibiyya, Makka.

Zuwa ga 'yata Hajara, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa. Ina roƙon Ubangijin wannan Ɗaki da muke kwana muke tashi a gefensa Ya ɗaga da ke lafiya, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki duk inda kika sa ƙafa. Ummanki ce za ta cusa wannan takarda a jakarki, tsakanin dabino da turaren da ta ɗura miki kamar wadda za ta buɗe shago a Kano. Na ce mata kada ta bari ki buɗe a gabana. Ki bari sai jirgi ya bar Jidda, don akwai abin da ba zan iya faɗa ba kina kallona.

Da Hausa na rubuta, kuma da gangan. Na san za ki yamutsa fuska ki ce, "Ya Baba, lesh, don me? Ba ga waya ba?" Ki daure ki bi ta a hankali. Bokon nawa a shago na tsince shi wurin alhazai, ba wani mai kyau ba ne, amma zai karantu. In wata kalma ta gagare ki, ki tambayi tsohuwar da ke kusa da ke, jirgin Kano ba ya rasa tsohuwa mai son magana.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Za ki Najeriya neman gurbin karatun likitan haƙori, tunda a nan mu masu igama, wato takardar zaman baƙi, ƙofar irin wannan karatun ƙunci gare ta, duk da makin da kika ci wanda har malamarki ta tako gida ta yi mana barka. Jarrabawar can kin ci, alhamdu lillahi. Saura tantancewa, inda za su baje takardunki su duba, kuma a ciki suna son takardar shaidar cewa ke 'yar asalin jiha kaza ce. Ranar da kika ga wannan sharaɗin kika juyo daga kan kwamfuta kika ce, "Baba, ana min fen? Ni 'yar wace jiha ce?" Ina shan shayi na ce miki Kano, ko kofin ban ajiye ba. Uwata, ba gaskiya na faɗa miki ba. Ke ba 'yar jihar Kano ba ce, ni ma haka.

Sai ki fara gane yadda suke kallon abin a can, don ya sha bamban da wanda kika saba. Ba ruwansu da inda aka haife ki, ba ruwansu da inda kike zaune ko daɗewar da kika yi a wurin. Da za ki tsufa a gidan ƙanwar Ummanki da ke Kano, wannan ba zai mai da ke 'yar jihar ba. Tambayarsu ita ce, uban ubanki mutumin wane gari ne? Mai unguwa ya shaida, dagaci ya sa hannu, sannan ƙaramar hukuma ta ba da takarda. Kuma abin ba na ado ba ne. Guraben karatun haƙori kaɗan ne, ana duba jihar mutum wurin rabawa, in kuma akwai tallafin karatu jiharka ce za ta ba ka, ba ta maƙwabta ba. Duk wahalar da kika sha a kan littafi, yanzu ta rataya ne a kan sunan wani ƙauye da ban taɓa furtawa a gabanki ba. Sunansa Kafin Tsamiya.

Daga nan kakanki, Malam Habu, ya fito yana saurayi, a ƙasa, da niyyar hajji. Ya ratsa Cadi, ya tsaya a Sudan yana tsinkar auduga har ya yi aure aka haife ni, sannan muka tsallako ruwa ina goye. Lokacin da ya baro gida ƙasar tasu duk ta Kano ce, don haka duk wanda ya tambaye shi a hanya sai ya ce Kano, kuma bai yi ƙarya ba. Daga baya aka yanke Jigawa, ƙauyen ya faɗa can. Ni kuwa na ji labarin a bakin alhazai, na ce yo mu ina ruwanmu, mu da muke unguwar Jarwal. A Makka kuwa kin sani, Bahaushe duk mutumin Kano ne, ko daga Maraɗi ya fito. Balarabe Kano ya sani, mai tasi Kano ya sani. Da na je yi muku takardun Najeriya ku duka, aka tambaye ni jiha, sai na faɗi abin da ya fi sauƙin fita daga baki. Aka ce ƙaramar hukuma fa? Na waiwayi na bayana a layi, ya raɗa min sunan tasa, na maimaita. Ko a taswira ban san inda take ba har yau.

Ganda ce ta sa ni, ba mugunta ba, amma ga shi ke ce za ki ɗauki nauyinta. Don haka shawarata ta farko, duk inda aka miƙo miki takarda aka ce ki cike, kada ki rubuta abu don kawai ya fi sauƙi ko don na bayanki yana gaggawa. In ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ki je ki tambayo. Abin da mutum ya rubuta a tsaye cikin layi yana iya zuwa ya tare 'yarsa a ƙofar makaranta.

Kuskure na biyu a cikin gida na yi shi. Kin taɓa tambayata me ya sa nake yi wa Ummanki Hausa amma ku in yi muku Larabci. Na ce miki don ku iya karatu ne. Rabin gaskiya ke nan. Ina yaro a Jarwal na sha jin gorin "ya takruni" daga bakin yaran da ban fi su komai ba sai baƙi, kuma na ƙudura a raina 'ya'yana ba za a gane su daga harshe ba. Na yi nasara fiye da yadda na so. Yau ga ki, in kika ce "ƙofa" sai ta fito "kofa", in aka gaishe ki da gajiya sai ki tsaya kina ba da labarin yadda kika gaji. Ban yi miki dariya ba, Uwata, ni na jawo. Na ɗauke miki harshen da za ki nemi haƙƙinki da shi, na bar ki da wanda ba zai ba ki gurbi ba ko a nan ɗin.

Har wushiryarki na so in ɗauke. Kin tuna lokacin da kika dawo daga makaranta kina kuka, 'yan ajinku sun ce akwai taga a bakinki? Ni da nake sana'ar haƙori, maimakon in lallashe ki, sai na ce gobe mu je asibiti a sa miki waya a haɗe su. Ummanki ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Wallahi ba za a taɓa ba. Kai ka ɓoye taka a bayan gashin baki, ita ka bar mata tata." Na yi fushi ranar, na ce ba ta san zamani ba. Ki yi mata addu'a ta musamman in kin karanta wannan har ƙarshe, za ki ga dalili.

A can za su yi wa Hausarki dariya, wannan babu makawa. Za su ce 'yar Makka ta zo, za su sa ki maimaita kalma don su ƙara ji. Kada ki gudu ki fake a Larabci ko Turanci, wannan shi ne abin da ubanki ya yi kuma bai amfane shi ba. Ki yi dariyar tare da su, ki ce su gyara miki. In kin shiga gaban manya ki durƙusa, ki bar gaisuwa ta yi tsawonta, kada ki yanke ta da "ɗayyib, khalas" irin yadda kike yi min in na cika surutu. A tambayi gida, a tambayi hanya, a tambayi mutanen Makka, duk ki ce lafiya lau. Sai an gama sannan ki faɗi abin da ya kawo ki.

Yanzu ga wanda ya fi yi min nauyi. Ko Ummanki sai kwanan nan ta ji shi.

Kin san sana'ata, kuma na san kin ɗan ji kunyarta kina budurwa, ba komai. Haƙorin Makka nake sa wa alhazai tun shagonmu yana Jarwal, kafin rusau ya taso mu. In an sauko daga Arfa an gama jifa, sai su yi layi, galibi mata, kowa na son ya koma gida da shaidar da ba ta faɗuwa daga aljihu. In goge haƙorin kaɗan, in gwada, in ɗora masa hular zinare ko azurfa, in liƙe. Hajiya ta dubi madubi ta yi murmushi, shi ke nan har ta mutu duk wanda ta yi wa magana ya san ta je. Ki dubi abin, Uwata. Rayuwata duk na ƙare ta ina sa wa mutane shaidar inda suka je, ni kuwa ban ajiye wa 'ya'yana shaidar inda suka fito ba.

Kakanki bai taɓa komawa gida ba, bai kuma taɓa aikawa ba. Da zai fito ya ce musu ba zai daɗe ba. Da shekaru suka ja, ga mata ga ɗa ga babu, sai ya ce bari sai ya sami abin da zai aika tare da gaisuwar. Kullum sai baɗi. Mu gidanmu kunya ce ke cin mu, kuma tana bin jini kamar wushiryar. Da ciwon ajali ya kama shi, muna ɗaki ɗaya a unguwar Ka'akiyya, ke kina rarrafe, ya kama hannuna ya ce, "Isa, in Allah Ya haɗa ka da mutumin Kafin Tsamiya, ka ce musu Habu ya iso." Iyakar wasiyyarsa ke nan. Ya bar gida da niyyar zuwa Makka, yana so su san ya iso.

Hajjin da ya biyo bayan rasuwarsa, wata mata ta zauna a kujerata. Doguwa, mai yawan magana, irin waɗanda sai ka roƙe su su yi shiru kafin ka iya aiki. Ina sanye da takunkumin da muke ɗaurawa saboda tarin alhazai. Na ce ta buɗe baki. Ta buɗe, ta sake rufewa ta ce, "Ɗan nan, a gefe za ka sa min. Kada ka taɓa min wushirya, ta gidanmu ce, duk wanda ba shi da ita sai mun bincika." Na yi dariya. Sai ta ce, "Kai da kake zaune a garin nan, ko ka taɓa jin wani Habu Dogo, mutumin Kafin Tsamiya? Yayana ne. Ina ƙarama ya tafi, a wuyansa ya ɗauke ni har bakin gari sannan ya sauke ni ya ce in koma. Tun da na sauka a garin nan nake tambaya. Babarmu har ta rasu in an yi sallama da magariba sai ta ce a duba ko shi ne."

Gwaggona ce, Gwaggo Ladi, wadda Baba yake ambata in yana ba mu labarin gida. Ga ta a kujerata, ga saƙon a bakina, kalma uku. Kin san abin da na ce? Na ce, "Ban san shi ba, Hajiya. Ni mutumin Kano ne."

Ba zan wanke kaina ba, amma zan faɗa miki abin da ya zo min a rai, don ki gane shi in ya zo miki. A lokacin igamata ta ƙare ban sabunta ba. Kuma al'adarmu a nan kin san ta: in 'yan garinku suka gano gidanka, baɗi gari guda zai sauka a ƙofarka, ka ciyar, ka shayar, wani ya ƙi komawa sai ka ɓoye shi. Na ga maƙwabcinmu da aka kwashe da iyalinsa kaf saboda baƙin da ya ajiye. Ga kuma abin da ya fi wannan, na ji kunyar ta zo ta ga ɗakin Ka'akiyya, ta koma ta ce ashe abin da Habu ya bar mu dominsa ke nan. Sai na yi shiru na yi aikina. Abin da na iya kawai, na ajiye gaurayen da ta zaɓa na ɗauko zinare na gaske na sa mata ba ta sani ba, wai ni a dole na yi zumunci. Ta dubi madubi, ta dube ni, ta ce Allah Ya yi albarka, ta fita.

Daga ranar duk doguwar matar da ta shigo shago sai na ji faɗuwar gaba. Na yi ɗawafi ba adadi ina neman gafara, amma ban taɓa yin abin da ya fi ɗawafin sauƙi ba, wato in tambayi wani alhajin Jigawa ko ya san garin. Uwata, in kin ga ɗan'uwa ki ce ke ce. Ko ɗakinki na haya ne, ko abin da za ki ba shi ruwa ne kawai. Abin da nake gudu a ranar, wato ɗawainiya, da ya zo da ya wuce tuni. Shirun ne bai wuce ba.

Kuskure na ƙarshe sabo ne, kuma kina wurin aka fara shi. Kin tuna Alhaji Ɗanliti, wanda ya zo umara ya ci tuwo a gidanmu, mai cewa babu ofishin da ba shi da mutum a ciki? Da na yi masa kukan takardarki ya ce, "Haba Malam Isa, wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Turo min hotonta kawai, kafin ta sauka takardar Kano tana jiranta, ba sai ta je gaban kowa ba." Na ji sanyi a raina, na tura. Kika yi murna kika rungume Ummanki. Ni kuwa murnar tawa ba ta kai la'asar ba. Ina zaune a shago ina goge wata hula, sai na hango ki kin yi nisa a karatu, kin fara taɓa bakin marasa lafiya, wani ya tashi bincike ya je wurin dagacin da aka ce ya sa hannu, dagaci ya ce bai san gidanku ba. A kore ki da sunan mai takardar bogi, ke da ko alewa ba ki taɓa ɗauka ba sai kin tambaya. Ƙaryar da na yi a layi, da wadda na yi wa Gwaggo, yanzu zan ɗora miki ta uku in ce ki gina aikin likita a kai. Na kira Ɗanliti na ce ya bari. Ya ce na cika tsoro. Na ce eh, amma wannan karon tsoron a inda ya kamata yake.

Ki yafe min ban gaya miki ba sai yanzu. In ya neme ki a Kano, ki gaishe shi da ladabi, kada ki karɓi komai daga hannunsa. Duk wanda ya ce zai samo miki takarda ba tare da kin tsaya gaban kowa ba, ki sani takardar ma ba za ta iya tsayawa gaban kowa ba.

Daga nan na yi abin da ya kamata in yi tun kina rarrafe. Na bi masaukan masu umara ina tambaya, har na dace da wani malamin makaranta daga wajen Kafin Tsamiya, ya haɗa ni da jikan Gwaggo Ladi a waya. Tana raye, Uwata. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan. Da aka kara mata wayar na yi sallama, na fara kame-kame, na ce ni ne wani wanda ya taɓa sa mata haƙori a Jarwal. Ta ce, "Mai ƙyalle a baki." Na ce ni ne. Ta ce, "Sai yau?"

Ta ce, "Kai yaro, tun da ka ce in buɗe baki na ji muryar babanmu. Na ɗaga ido na ga goshinsa. Na yi maka tambayar ne don ka samu hanyar shigowa, ka ƙi. To mutumin da ya ɗaure bakinsa da kansa, ni ce zan kwance masa? Na ce wataƙila yana da dalili. Na je ɗawafin bankwana na yi maka addu'a. Da muka dawo gida haƙoran sauran matan duk suka dushe, nawa yana nan yana ƙyalli, na ce wannan ba aikin bare ba ne."

Ni da furfurata na zauna a bakin titi a Utaibiyya ina kuka, masu wucewa suna kallona. Na ce, "Gwaggo, akwai saƙon Baba." Ta ce, "Riƙe abinka. Saƙon da ya yi wannan daɗewar ba a ba da shi ta waya. Ka ce kana da 'ya mai zuwa? To turo ta, ta faɗa min ina riƙe da hannunta. In ta zo zan ga bakinta. In tamu ce, da kaina zan kai ta gaban dagaci, ai ɗan ƙawata ne, ni na yi wa uwarsa wankan jego."

To ga abin da za ki yi. In kin huta a Kano, ki sa ƙanwar Ummanki ta raka ki Kafin Tsamiya, lambar jikan tana bayan wannan takarda. Kada ki fara zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, ki fara zuwa gida. Ki kwana, ki ci abin da aka ba ki, ki bari a nuna ki ga dangi ko sun kai nawa. Daga nan mai unguwa, sai dagaci, sai sakatariya. In takardar Jigawa ta fito, za ta ci karo da Kanon da na rubuta a sauran takardunki, don haka sai kin je kotu an yi miki takardar rantsuwa, sannan ki nemi a gyara. Ki je wurin masu tantancewa da wuri, da ƙafarki, ki faɗa musu yadda abin yake tun kafin su gano da kansu. Ki ce mahaifinki ne ya yi kuskuren, kada ki rufa min asiri, ban cancanta ba kuma ba na so.

Ba zan ɓoye miki ba, gyaran yana iya jan lokaci. Yana yiwuwa a rufe ɗaukar bana ba ki gama ba. Na san abin da wannan yake nufi a wurinki, na ga yadda kika rame a kan jarrabawar nan, kuma in hakan ta faru ni ne sanadi, ba kowa ba. In kin ji haushina ki ji, kina da gaskiya, ki kira ni ki faɗa min da kowane harshe kika ga dama. Amma na fi son ki shiga baɗi da sunan garinku da ki shiga bana da sunan garin wani mutum da ya tsaya a bayana a layi. In kin shiga ta wannan ƙofar, babu mai tayar da ke daga kujerarki.

Za ki yi rayuwarki in sha Allahu kina cewa mutane su buɗe baki, su kuma buɗe don sun yarda da ke. Kafin nan, akwai tsohuwa guda da za ta ce ki buɗe naki. Kada ki sa hannu ki kare irin yadda kike yi in za a ɗauke ki hoto. Ki buɗe sosai, ki matso kusa don idonta ba ya gani daga nesa. Za ki ga haƙorin a sama ta gefen hagu, ki duba min aikin da idon likita, ki gaya min ko na iya.

In ta kama hannunki, ki faɗa mata da Hausa, a hankali, yadda ya faɗa min. Ki ce Habu ya iso. Ki ce ya yi hajjinsa, ya yi ta maimaitawa, an yi masa salla a Harami, yana kwance a ƙasar Makka. Ki ce bai manta bakin garin da ya sauke ta ba.

Allah Ya tsare min ke a sama da ƙasa, Ya tsare ki a hanyar Kano da ta Jigawa, Ya sa ki a hannun waɗanda za su ji tausayinki. Allah Ya buɗa miki ƙofar karatun nan ta halal, Ya sa hannunki ya zama waraka ga bayinSa, Ya dawo min da ke ina da rai. Ummanki tana gaishe ki, tana cewa kada ki raba dabinon duka a Kano, ki ajiye mai kyaun na Gwaggo.

Abu ɗaya nake roƙonki, Uwata. Kada ki jira sai kin sami gurbi, ko sai kina da labari mai daɗi, kafin ki neme ni. Ranar da kika sa ƙafa a Kafin Tsamiya, ko babu komai a hannunki, ki kira ni ki ce kin iso.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isa mai haƙori, ɗan Habu Dogo na Kafin Tsamiya.